Humrar Ya Bintu

Duk wanda ya san lungunan bayan Kasuwar Kurmi ya san gidan Ya Bintu, ko da bai taɓa taka zaurensa ba. Ba a yi wa baƙo dogon kwatance. Ce masa ake ya bi hancinsa, in ya ji warin kwata ya ɓace ƙamshi ya tare shi, to ya yi sallama. Kakanninta daga Barno suka zo fatauci, suka zauna har yaren ya sulale wa zuriyar, bai bar wa Ya Bintu komai ba sai gaisuwa da kalmomin faɗa. Amma turare bai sulale ba. A hannun uwarta ta koyi haɗa turaren wuta da humra, kuma da wuya a kai amarya a unguwannin nan ba a ga kwalbarta cikin kaya ba.

'Yarta mace ɗaya ce, Hafsat, ita ce kuma auta. Da cikin fari ya tsufa aka ɗauko ta daga gidan mijinta Mubarak a Ƙofar Na'isa, ta zo ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba. Cikin nan ya zo mata da ƙin ƙamshi, ko turaren ɗan goma ta shaƙa sai amai. Dole Ya Bintu ta kwashe kaskonta da kwalabenta ta mayar ɗakin sama, ta bar wa Hafsat ɗakin ƙasa fayau, babu abin da ake ji a ciki sai ganyen wanka da kunun kanwa. A nan aka haifi Hashim. Yaro ne da bai zo da wasa ba wajen ci, in ya kama nono har daga tsakar gida ana jin haɗiyarsa. Ya Bintu takan leƙo ta ce, "Maigida, ci ba cefane? Haka za mu yi zaman auren?"

Amma a can sama akwai abin da take tanadi. Tun ranar da ta tabbatar Hafsat na da ciki ta jiƙa wata humra, ta sa a lungun da rana ba ta shiga, ta ce wannan ta komawa ɗaki ce bayan arba'in. Ta yi wa 'ya'yan mutane gyara shekara da shekaru, yanzu ga tata ta kanta, ina dalili a ce ta wani ta fi? Lokaci-lokaci takan buɗe kwalbar ta shinshina, ta ji kamar ba ta kama ba, ta ja tsaki ta ƙara sandal, ta ƙara miski. Kayan yanzu duk algus ne, in ji ta. Haka ta yi ta ƙari har wata tara.

Da arba'in ta matso sai aka shiga gyara. Aka murje Hafsat da dilka har ta yi sheƙi, aka yi mata kitso ana shafa humra a kowace tsaga. Kayan sawarta kaf, har rigunan ciki, sai da suka sha hayaki a kan kabbasa, kwandon nan da ake kifawa a kan kasko. Sannan Ya Bintu ta zuba humrar a tafin hannunta ta bi wuyan 'yarta da ƙirjinta da hannuwanta. Matan maƙwabta da suka shigo suka yi ta salati suna cewa wannan ai sabuwar amarya ce. Ya Bintu ta ji daɗi har cikin ranta, ba ta ma ɓoye ba.

A yammacin nan Hashim ya ƙi nono.

Da aka miƙa shi ya buɗe baki kamar kullum, sai ya tsaya, ya yamutsa fuska, ya kau da kai. Hafsat ta juya shi ɗaya ɓangaren, ya banƙare ya tsala kuka. Aka ce ƙoshi ne. Can da yunwa ta ci shi ya kama, ya ja kaɗan ya saki yana shure-shure. Washegari ma haka, ya ja ya saki, ya yi kuka har ya gaji ya yi barci. Ya Bintu ta duba bakinsa, ta taɓa cikinsa, ta tofa masa addu'a. Ta ce wa Hafsat, "Rigima ce ta maza, ya ji za a raba shi da ni."

Wasa take, amma abin ya fara damunta. Hafsat kuwa kunya ce ta riƙe ta. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta nuna damuwa a gaban manya. In ya ƙi sai ta ajiye shi ta gyara rigarta ta sunkuyar da kai. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, tana cije leɓe in zani ya goge ta. Sau ɗaya Ya Bintu ta wuce ta bakin banɗaki ta ji ruwa na zuba, a ƙarƙashin ƙarar ruwan kuma ta ji shessheƙa. Ta wuce kamar ba ta ji ba, ta hau sama ta zauna cikin kwalabenta, ita ma ta share nata hawayen.

Mubarak ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce in ta yarda a kai yaron asibiti. Ta ce me za a jira? Suka ɗunguma zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Malamar jinya ta gwada zafin jikinsa, ta haska bakinsa da kunnuwansa, ta ɗora shi a sikeli. Ta ce ba ta ga ciwo ba, amma kada a yi sake da yaro ƙarami haka. A riƙa tatsa ana ba shi a ɗan kofi mai tsabta, a ci gaba da gwada masa nonon ba tare da tilas ba, in fitsarinsa ya ragu ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi laushi a dawo da shi ko wane lokaci ne. Sannan ta tambaya, "An canja wani abu kwanan nan? Abinci, ko magani, ko sabulu?"

Hafsat ta ɗago ta dubi uwarta. Ya Bintu ta ce, "Babu abin da aka canja, Malama." Kuma da zuciya ɗaya ta faɗa. Turare a wurinta ba wani abu ba ne da ake canjawa, kamar a tambayi mutum ne ko ya canja numfashi.

Uwar Mubarak, Hajiya Asibi, ta zo da jin labari. Mace ce mai sauƙin kai da saurin magana, mai fama da asma, shi ya sa in ta zo gidan ba ta wuce tsakar gida. Ta ce a tatso mata nonon a murfin kwano, ta sa aka kamo tururuwa ta jefa a ciki. Tururuwa ta yi ta 'yan motse-motsenta, ta nutse.

"Kin gani ko, Hajiya?" in ji Asibi. "Nonon ya ɓaci. A danginmu an taɓa yi."

Ya Bintu ta ce, "Hajiya, ko a ruwan zamzam kika jefa ta ai nutsewa za ta yi. Tururuwa ce, ba kifi ba."

Asibi ta yi dariya, don ba faɗa ya kawo ta ba. Amma da dariyar ta wuce sai ta gyara zama ta ce, "Ni dai ga abin da na gani. Yaro na ramewa, uwa na ramewa. In zuwa Juma'a bai kama ba, a ba ni shi in sa shi a madarar gwangwani, ita kuma ta sha maganin da zai tsayar mata da nonon ta huta. Ba ƙwace ba ne, wallahi. Tausayi ne."

Ya Bintu ta san ba ƙwace ba ne, shi ya sa ma maganar ta fi yi mata ciwo. Da mugunta ce da ta san yadda za ta yi da ita. Ta dubi Hafsat da ke gefe tana murza bakin zaninta. Yarinyar da ta sha wahalar wata tara, ta sha ruwan zafi safe da yamma, a ce ta koma ɗakinta da ƙirji a ɗaure, ɗanta na hannun wani, kuma a bar ta da sunan mai mugun nono har haihuwa ta gaba. Ga shi nonon ma ya fara ja baya, abin da ake tatsowa yau bai kai na jiya ba.

Ranar Alhamis da hantsi ta yafa mayafi ta shiga Kurmi. An yi mata kwatancen wani mai saiwoyi da aka ce yana da maganin gyaran nono. Ba ta yarda da zancen ba, amma wanda hankalinsa ya tashi ba ya zaɓen ƙofa. Hanyar ta bi da ita ta layin masu fata, ta ɓulla ta gaban rumfar Alhaji Modu, tsohon da take sayen itacen turare a wurinsa tun tana amarya. Idonsa ya yi rauni ƙwarai, sai jikokinsa ke miƙo kaya. Tana niyyar wucewa ba tare da ta tsaya ba ta ji ya ce, "Ya Bintu, yau gaba ake yi da mu?"

Ta dawo ta gaishe shi. "Alhaji, ashe idon ya samu?"

"Ina fa! Tun kina cikin masu fata na san ke ce. Duk warin jimar nan bai rufe ki ba."

"Kai dai Alhaji da zolaya. Ni da ko shafawa ban yi ba yau."

"Ke ai ba sai kin shafa ba," in ji shi. "Af, ina humrar auta? Kayan da kika kwasa bana sun isa amare uku. Na ce ko so kike angon ya suma."

Ta ce ai laifinsa ne, sandal ɗin da yake kawowa yanzu ba shi da ƙarfi. Tsohon bai yi musu ba. Ya laluba ƙarƙashin teburinsa ya ɗauko wani guntun itace, ya kankare shi da wuƙa ya miƙa mata. Ta kai hanci ta ja numfashi. Ta sake ja. Ta ce, "To ka ji, kamar itacen girki."

Mai rumfar kusa da su, wanda ke can yana ɗaure kaya, ya juyo ya ce, "Alhaji, wannan na ajiyar ka fasa? Har nan ƙamshinsa ya iso."

Alhaji Modu ya karɓi itacensa ya mayar. Ya ce a hankali, ba da zolaya ba, "Sandal yana nan yadda kika san shi, Ya Bintu. Hancinki ne ya ƙoshi. Babana ma haka ya yi, da ya tsufa sai mu muke shinshina masa."

Ta daɗe tsaye a bakin rumfar, masu ɗauke da kaya na ce mata gafara. Sai ta tuna duk ƙarin da ta yi ta yi wa kwalbar nan wata da watanni. Ta tuna ranar da ta cika tafin hannunta ta shafe ƙirjin Hafsat, daidai inda yaron ke sa fuskarsa. Ba ta ƙarasa wurin mai saiwoyi ba. Ta juya gida da sauri, har tana tuntuɓe a bakin kwata.

Ta tarar da Hajiya Asibi ta riga ta zo, tana zaune kan tabarma a tsakar gida da Hashim a cinyarta, tana ɗiga masa nonon da aka tatsa. Yana sha lafiya lau, har da lumshe ido. Nonon da aka ce ya ɓaci ke nan. Ya Bintu ta matso a hankali ta tsuguna dab da su. Yaron ya yi atishawa, ya yamutsa fuska, ya kau da kai daga kofin. Ta tashi ta koma bakin rijiya. Jim kaɗan ya juyo ya ci gaba da sha. Ta sake matsowa, ya sake kau da kai, wannan karon har da ƙaramin kuka. Sai yanzu ta lura, dama tun haihuwarsa bai taɓa yin lamo a hannunta ba, ita kuwa ta ɗauke shi wasan jika da kaka.

Asibi ta ce, "Hajiya, lafiya kike kai da komo kamar mai safa da marwa?"

"Hajiya, nonon 'yata lafiyarsa ƙalau," in ji Ya Bintu. "Ni ce na ɓatar masa da uwarsa. Yana buɗe baki ya ji ba ita ba ce."

Ta shiga ɗaki ta samu Hafsat a bakin gado. Ta ce, "Tashi ki tsefe kitson nan." Hafsat ta dube ta, sai idonta ya ciko.

"Inna, na so in faɗa miki tun a asibiti."

"Me ya hana ki?"

"Wata tara kina haɗa ta. Na ga yadda kika yi murna."

Ya Bintu ta ji kamar ta rufe ta da faɗa, ta kuma ji kamar ta rungume ta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce, "Sakarya. Juyo in taya ki." Suka tsefe kitson tare, kitson da mai kitso ta wuni tana yi.

Ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya. Ta aika maƙwabta aka samo mata sabulun salo, wanda babu ɗigon turare a cikinsa. Ita da kanta ta shiga banɗaki da 'yarta, ta wanke mata kai, ta dirje wuya da ƙirji da hannuwa, ta ɗauraye ta sake sabawa. Humrar kirki ba ta fita da wanka ɗaya, wannan dama shi ne abin alfaharinta, yau kuma shi ya zame mata aiki. Da ta gama ba ta yarda da hancinta ba. Ta leƙo ta ce, "Hajiya, don Allah zo ki shinshina mini ita."

Asibi ta zo ta kai hanci wuyan surukarta, ta yi tari ta ce, "Da saura." Aka sake ɗora ruwa.

Sai kuma maganar abin ɗaurawa. Ya Bintu ta buɗe akwatin Hafsat ta rufe, ta buɗe nata ta rufe. Kaf gidan babu ƙyallen da bai sha hayaki ba, har tsumman goge hannu. Matar da ake zuwa aron ƙamshi wurinta daga unguwa uku ta tsaya a tsakar gidanta ba ta da zani ɗaya da za ta ba 'yarta. Ta dubi Asibi, kunya ta kama ta, amma ta daure ta ce, "Hajiya, ko kina da wani zani a jakarki?"

Asibi ta zaro wani tsohon zanin atamfa da take shimfiɗawa in za ta yi salla a gidan mutane, ya koɗe har ba a gane zanensa. Ta miƙa ba tare da ta ce uffan ba, kuma Ya Bintu ta gode mata a ranta da wannan shirun.

Ɗakin ma ba zai yiwu ba, tun ranar gyaran labule da katifa duk sun kama ƙamshi. Aka shimfiɗa tabarmar da Asibi ta zauna a kai a inuwar katanga, Hafsat ta zauna da gashi a tsefe da koɗaɗɗen zani, aka tuɓe wa Hashim riga aka kwantar mata da shi a ƙirji. Da ta gwada ba shi ya kau da kai kamar yadda ya saba kwanan nan. Hafsat ta ɗago a firgice.

"Ƙyale shi," in ji Ya Bintu daga nesa. "Kada ki tura masa. Bar shi ya kwanta kawai, fushi yake, sai ya huce."

Aka yi azahar yana kwance a jikinta. Ya yi barci, ya farka ya yi ɗan kuka, aka ɗiga masa a kofi, ya koma. Asibi ta yi ta ba da labarin wata maƙwabciyarta da babu mai sauraro. Ya Bintu ta rasa abin yi da hannuwanta, ta tsince shinkafar da aka riga aka tsince. Inuwa ta miƙe har ta kai bakin rijiya. Bayan la'asar, yaron na tsakanin barci da farkawa, sai ya fara goga hancinsa a fatar uwarsa. Ya goga nan, ya goga can, yana 'yan ƙananan gurnani. Babu wanda ya motsa. Ya buɗe baki ya kama, ya ja sau ɗaya ya tsaya kamar mai tunani, sannan ya sa hannu ya dafe nonon ya shiga ja da gaske.

Asibi ta ce, "Alhamdulillahi," ta rufe fuska da mayafi. Hafsat ta manta da kunyar ɗan fari, ta sunkuya tana shafa kansa a gaban uwarta da uwar mijinta, hawaye na ɗiga a bayansa.

Ya Bintu ta ajiye farantin shinkafa ta taso. Ƙafafunta ne suka kawo ta, so take ta ga bakin nan yana aiki, ta taɓa ɗan tafin ƙafarsa. Ta kusa isa tabarmar ke nan yaron ya tsaya da ja, ya yamutsa goshi. Hafsat ta ɗago ta sa hannu ta kare shi.

Ya Bintu ta tsaya cak. Ita ma ta yi wanka yau, ta wanke hannuwanta da sabulun salon nan har suka yi fari. Amma abin da ya shiga fata shekara da shekaru ba tukunya biyu ke fitar da shi ba. Ta ja da baya a hankali, ta ci gaba da ja har bayanta ya taɓa ƙofar zaure. Yaron ya saki goshinsa ya koma ja.

"Hajiya, ki zo ki zauna mana," in ji Asibi.

"Nan ma ya yi," in ji Ya Bintu. "Daga nan ina jin haɗiyarsa."